Cewa "Na Gaji" Ba Butulci Ba Ne

Akwai wata magana da na ji kwanan baya, har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata baiwar Allah ce ke jinyar mahaifiyarta da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ita ke mata wanka, ita ke canja mata famfas, ita ke tashi cikin dare ta juya ta don kar kwanciya ta fasa mata gyambo a baya. Ran nan 'yan'uwa sun taru, sai kawai ta ce "wallahi Yaya na gaji." Ba fa cewa ta yi za ta bari ba, na gaji kawai ta ce. Yayan nata, wanda iyakarsa ya leƙo da yamma ya gaishe da tsohuwa ya ajiye ledar magani ya kama gabansa, shi ne ya buɗi baki ya ce haba ƙanwata, uwa ake gajiya da ita? Ita da ta raine ki kin taɓa jin ta ce ta gaji? Sauran suka ce gaskiya ne, ki ƙara haƙuri, aljannarki kike nema. Ba wanda ya ce to yau ni zan kwana da Umma, ke je ki samu barci.

Ga matsayata tun da wuri, ba sai mun yi ta zagaye-zagaye ba. Hutu ga mai jinya da malamin makaranta yana cikin aikin kansa, wanda bai huta ba ba zai iya aikin yadda ya kamata ba komai son da yake masa. Abu na biyu kuma, wanda ma ya fi damuna, ba su kaɗai ne za su samar wa kansu wannan hutun ba. Duk wanda ya ce wa mai jinya "ki dinga kula da kanki fa" amma bai miƙa hannu ya karɓe ta ko na awa biyu ba, wallahi da shiru ya yi da ya fi.

Wani zai ce me ya haɗa malami da mai jinya. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu da mutane suke aiki, kuma aikin ba ya da ranar da za ka ce shi ke nan na gama. Kafinta in ya ƙera kujera ya ƙera, ya ga abinsa a tsaye. Malami kuwa ko ya tashi daga makaranta yaron nan da ya kasa haɗa baƙi yana nan a ransa, mai jinya ko tana banɗaki kunnenta yana ɗaki. Sannan dukansu an saba biyansu da yabon baki.

Wannan gajiyar daban ce

Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya yake wankewa. Ba ita nake nufi ba. Wadda nake magana a kai ita ce ka kwanta da ita ka tashi da ita, tun kafin ka sa ƙafa a aji ko ka tura ƙofar ɗakin mara lafiya ka ji ƙirjinka ya yi nauyi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ne ya yi rubutu a kanta a 1974, bayan ya yi aiki a wani asibitin kyauta a birnin New York inda ake taimakon masu shaye-shaye. Ya lura da 'yan sa-kai da suka shigo aikin da zafinsu, a hankali suka dinga lafewa har suka koma ba ruwansu. Abin da ya fi jan hankalina a maganarsa shi ne waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su abin ya fi kamawa. Ragon ma'aikaci ba kasafai yake shiga wannan halin ba, don tun farko bai zuba komai ba balle ya ƙare.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin abin a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce matsala ce da ke fitowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma kawo alamomi 3: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya dinga jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu.

Ta tsakiyar nan nake so mu tsaya a kai, don ita ce ake yi wa mummunar fahimta. Malamin da a da ya san sunan kowane yaro a ajinsa har da na bayan aji, yanzu abu kaɗan sai tsawa sai bulala. Nas ɗin da a da take zama ta saurari mara lafiya, yanzu ko kallon fuskarka ba ta yi, lambar gado kawai take gani. 'Yar da ke son mahaifinta kamar ranta, yau ta tsinci kanta tana ɗaga masa murya don ya zubar da ruwa a gado, ta koma kicin tana kuka tana cewa wace irin 'ya ce ni. Mu da ke gefe sai mu ce ai hali ne, dama can muguwa ce yanzu ne ta fito da shi. Sau da yawa ba haka ba ne. Zuciya ce ta rufe ƙofa don ta kare ɗan abin da ya rage mata.

Ba ina wanke mai dukan yara ko mai wulaƙanta mara lafiya ba fa, laifi laifi ne kuma a hukunta shi. Amma in muna so abin ya ragu to dole mu duba inda yake ɓullowa, kuma a nan ne za ka gane cewa gajiyar mai jinya ba shi kaɗai take ci ba. Yaro da mara lafiya su ne ke biyan kuɗinta.

"Ai lada ake nema"

Wannan ita ce amsar da aka fi jefo maka. Kuma gaskiya ne akwai lada, ba mai musu. Amma wa ya ce lada da hutu ba sa zama inuwa ɗaya? Ga ƙissar Salman Alfarisi da Abu Darda nan kowa ya sani. Salman ya je gidan ɗan'uwansa ya tarar ya duƙufa azumi da rana tsayuwa da dare har iyalinsa ta fita daga hayyacin kwalliya, ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya gaya masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kai kanka kana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da maganar ta je gaban Annabi (SAW) sai ya ce Salman ya yi gaskiya. To in sallar dare da azumin nafila aka ce a sassauta saboda jiki yana da haƙƙi, ta yaya za a ce mai jinya ta yi wata da watanni ba barcin kirki kuma in ta yi magana ta zama mara imani?

Kuma ni abin da ke ba ni mamaki, in dai ladan nan muke kwaɗayi da gaske, me ya sa muke bar wa mutum ɗaya shi? Ban taɓa ganin an bar wa mutum ɗaya gado saboda kara ba. Sai lada ne kowa ke cewa ke dai ki kwashe duka.

Ana kuma yawan yi wa malamai kirari da cewa malami kyandir ne, yana ƙona kansa don ya haska wa wasu. Ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, za ka ji shi a bakin manya ana tafi. Ni dai ban ga abin tafi a ciki ba. Kyandir in ya ƙone ya ƙare sai a yi duhu, 'yan ajin baɗi wa zai haska musu? Wanda ke wannan kirarin yana gaya maka ne a fakaice cewa ƙarewar malami abu ne da aka yarda da shi tun farko.

"Iyayenmu sun yi ba su yi ƙorafi ba"

Na farko dai, rashin ƙorafi ba ya nufin rashin ciwo, ba a tambaye su ba ne. Na biyu, jinyar ma ta canja. Yanzu magani yana riƙe mutum shekaru da ciwon da a da cikin 'yan makonni zai tafi da shi, alhamdulillahi da hakan, amma ma'anarsa jinyar da a da take ta wata biyu yanzu tana iya zama ta shekara goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ciwon ruɗewar ƙwaƙwalwa, wato ciwon mantuwar da ya fi kama tsofaffi, a duniya, kuma kusan miliyan 10 ke sabon kamuwa duk shekara. Duk wanda ya taɓa zama da mai irin wannan ciwon ya san abin da nake nufi, tambaya ɗaya sau ashirin, fita cikin dare, wani lokacin ma ya zarge ka da sata kai da ka bar komai naka saboda shi. Ga gidaje sun ragu da hannu, 'ya'ya sun watse neman abinci, aikin da mutum biyar ke rabawa ya dawo kan ɗaya.

Wannan ɗayan kuma mun san ko wace ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi lissafi a 2018 cewa kullum ana kashe awa biliyan 16.4 a duniya wajen aikin kula da gida da yara da tsofaffi da marasa lafiya ba tare da biya ba, kuma kashi 76 cikin 100 na wannan aikin mata ne ke yi.

Jiki kuma yana rubuta komai. A 1995 wasu masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ƙarƙashin Janice Kiecolt-Glaser, sun yi ɗan ƙaramin yanka iri ɗaya a hannun matan da ke jinyar 'yan'uwansu masu ruɗewar ƙwaƙwalwa da kuma wasu mata sa'anninsu da ba sa jinya. Na masu jinyar ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na sauran kusan kwana 39. Wani binciken da Richard Schulz da Scott Beach suka fitar a 1999 ya bi tsofaffin da ke jinyar mazajensu ko matansu tsawon shekara 4, ya gano waɗanda suka ce jinyar tana matsa musu haɗarin mutuwarsu ya fi na waɗanda ba sa jinya da kashi 63 cikin 100. Amma ga inda ya kamata a lura, waɗanda ke jinyar ba tare da jin wannan matsin ba, ba a ga irin wannan ƙarin a kansu ba. Kenan jinyar ba ita ke kashe mutum ba, a bar shi da ita shi kaɗai har ta danne shi shi ne matsalar.

"Malamai kuma me ya gajiyar da su, ba su ke da dogon hutu ba?"

Wanda ke faɗin haka bai taɓa tsayawa gaban yara saba'in ko tamanin daga safe zuwa azahar ba. Abin da kake gani a aji rabin aikin ne. Sauran yana cikin jakar da malami ke rataye zuwa gida: tarin takardun jarrabawa da za a yi makin, tsarin darasin gobe, cike rejista da sakamako, ga iyayen yara da ke kira ƙarfe goma na dare suna tambayar me ya sa ɗansu ya zo na ashirin, ga gurup ɗin WhatsApp na makaranta da hedimasta ke jefa umarni ko ranar hutu. Murya ta dushe, baya ya riƙe. Hutun da ake masa gori a kai kuwa, da yawa a cikinsa suke neman abin da zai cike giɓin albashi, wannan ya yi lesin, wancan ya kama wata sana'a.

In da aikin hutu ne da ba a gudunsa. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, kuma kaso mafi girma na wannan adadin don maye gurbin masu barin aikin ne. Rahoton ya nuna yawan malaman firamare da ke ajiye alli a shekara ya kusan ninkawa, daga kashi 4.6 cikin 100 a 2015 zuwa kashi 9 a 2022. Kuma duk wanda ya tafi, yaransa kan abokin aikinsa ake juye su, shi ma ya fara lissafin ranar tafiya.

"Kula da kai ai na masu hali ne"

A nan kam zan ba mai wannan maganar rabin gaskiya. Irin kula da kan da ake tallatawa a Instagram, a je wurin tausa, a sayi kaza a shafa kaza, a tafi yawon buɗe ido, wannan kasuwa ce kawai, kuma matar da ba ta iya fita ƙofar gida don ba mai zama da mara lafiyarta in ka nuna mata wannan ba'a kake mata.

Amma abin da jiki yake nema da gaske ba shi da ƙyalƙyali ko kaɗan. Barci ne a gaba da komai. Likitocin barci sun ce babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye a dare. Wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da kaifin lurarsa suna raguwa daidai da na wanda giya ta kai 0.05 cikin 100 a jininsa, wato matakin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kai. To ka auna, wannan mutumin ne muke ba wa amanar ƙirga ƙwayoyin magani, wanne na safe wanne na dare, wanne ba a haɗa shi da wanne.

Bayan barci sai nata maganin. Sau nawa ka ga mai jinya da ta haddace lokacin kowane magani na mara lafiyarta amma nata na hawan jini ya ƙare tun makon jiya ba ta sayo ba? Kullum tana asibiti amma ba ta taɓa miƙa hannu a gwada nata jinin ba. Sai cin abinci a zaune kamar mutum, sai ɗan tattaki ko na minti ashirin a ga sararin sama, sai koyon yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da an karya baya ba, wanda duk wata nas za ta iya nuna maka cikin minti biyar in ka tambaya. Ba ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar arziki. Abin da suke buƙata lokaci ne, lokaci kuma sai wani ya tsaya a gurbinka kake samunsa. Ka ga mun sake dawowa kan maganata.

Bitar da ba ta rage komai ba

Akwai wani salo da ya fara yawa a makarantu da asibitoci. Ma'aikata sun galabaita, sai shugabanni su shirya bita kan yadda ake sarrafa damuwa, ranar Asabar kuma, ranar hutun mutum, a zaunar da shi awa huɗu ana koya masa jan numfashi. Litinin ya koma ajin nan dai mai yara tamanin, ko diwtin dare uku a jere. Yanzu ma an ƙara masa wani nauyin, don in ya sake cewa ya gaji za a ce ai an koya maka, kai ne ba ka aiki da shi.

Jan numfashi yana da amfani, ban raina shi ba. Amma hukumar da ke son ma'aikatanta su huta ba sai ta koya musu hutu ba, rage musu kaya za ta yi. A ba malami firiyod ɗin da ba shi da aji kuma kar a cusa masa ajin wani a ciki. A biya albashi a kan lokaci. A rage rubuce-rubucen da ba mai karantawa. In an ba nas hutu a bar ta ta yi shi. Wasu ƙasashen sun mayar da irin wannan doka: Faransa tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya da rashin amsa saƙon aiki bayan an tashi. Birtaniya daga Afrilun 2024 ta ba ma'aikacin da ke kula da wani mara lafiya na dogon lokaci damar ɗaukar hutun mako guda a shekara, ko da yake ba biya, wanda gaskiya kaɗan ne. Japan kuma tun 2000 ta kafa inshorar kula da tsofaffi da duk wanda ya kai shekara 40 yake zuba kuɗi a ciki, don kar nauyin ya tsaya kan iyali kawai. Ba wadda ta gama warware matsalar a cikinsu, amma dai sun yarda cewa gajiyar mai kula da wani lamari ne na jama'a.

Ku ma kuna da naku

To malamai da masu jinya, kar ku ce na goyi bayanku ɗari bisa ɗari. Akwai wata cuta da ke kama mai jinya, ta "ba wanda ya iya sai ni." An zo karɓarta, sai ta tsaya a kan mutum, ba haka ake ɗaga shi ba, ba wannan kofin yake so ba, kawo kawai in yi. Gobe mutumin ba zai dawo ba, ita kuma ta ce ba wanda ke taimakona. Ki bari a yi ko da bai kai naki kyau ba, in dai ba cutarwa. Haka malamin da duk kwamitin da aka kafa a makaranta yana ciki don bai iya cewa a'a ba, ko don yana jin daɗin a ce ai in ba shi ba abin ba ya tafiya. Makarantar nan tana nan kafin ka zo.

Sannan ku koyi roƙo mai suna. "Ku dinga taimakawa mana" ba ya kama kowa, kowa zai gyaɗa kai ya wuce. "Yaya, ranar Juma'a daga magariba zuwa safe kai za ka kwana da Baba" shi ne maganar da dole a amsa da e ko a'a.

Kuma hutu daban, farfaɗowa daban. Mutum zai iya yin barci ya ƙoshi amma ya tashi har yanzu ba ya jin ɗanɗanon komai, saboda ya daɗe bai yi wani abu da yake nasa ba. Malamin da shekara da shekaru bai karanta komai ba sai abin da zai koyar, ya nemi abin da zai karanta don kansa, ko ya je ya zauna a gaban wani ya zama ɗalibi, ya tuna yadda rashin ganewa yake da yadda daɗin ganewa yake, wallahi yana komawa aji da wani irin sauƙin kai. Mai jinya ta samu ƙawa ɗaya da za su yi hirar da ba ciwo a ciki, su yi dariya har da hawaye, kuma kar ta ji kunyar dariyar. Da wani mutum ɗaya da za ta iya gaya wa munanan abubuwan da ke zuwa mata a rai, irin "wani lokacin ina jin dama a ce abin nan ya zo ƙarshe," ya saurara ba tare da ya zaro ido ya fara mata wa'azi ba. Masu dogon jinya da yawa wannan tunanin yana gifta musu, kuma ɓoye shi ne ke mayar da shi dafi.

In kuma abin ya wuce nan, mako biyu ko fiye mutum yana cikin ƙunci, ba ya jin sha'awar komai, barci da cin abinci sun rikice, ko ya fara tunanin cutar da kansa ko wanda yake kula da shi, to wannan ya fi ƙarfin hira da tattaki. Likita za a gani, da gaggawa kuma, kuma a samu wanda zai riƙe mara lafiyar kafin nan.

Mu kuma na gefe, abin ba shi da wuya in an so. A zauna a raba kwanaki a rubuta, maza a ciki, don ban ga abin da zai hana ɗa namiji ya yi wa mahaifinsa wanka ko ya kwana a gefensa ba. Wanda ke nesa ya turo kuɗin da za a ɗauki mai taimako ko na kwana biyu a mako, amma ya sani kuɗin magani da yake turowa bai sauke masa wannan ba, biyu ne daban. Iyayen yara su daina kiran malami bayan isha sai in abu ne da ba zai kai safe ba. Kuma ranar da ka karɓi jinya ka karɓa da gaske, ka tambayi komai tun kafin ta fita, ina maganin dare, ƙarfe nawa ake juya shi, wane lamba za a kira in wani abu ya taso, ka rubuta a takarda. Kar ta kai bakin titi ka fara kiranta kana tambayar inda aka ajiye tawul.